Don Allah kar ki fara da tumatir

Duk wadda ta shigo gidanmu ta ga bokitan da na jera a jikin katanga sai ta ce ita ma tumatir za ta shuka, ni kuma amsata ɗaya ce, ki dakata tukunna. Na san dalilin wallahi, shi ke cinye kuɗin cefane, da damina ki aika kasuwar Farin Gada ta nan Jos a faɗa miki kuɗin kwando sai jikinki ya yi sanyi, kuma ba mu manta 2016 ba da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Amma tumatir sai da lallashi, wajen wata uku kina jira, ga ruwan Jos na Yuli da Agusta da ba ya ɗagawa, ganyen ya yi baƙi ya zube, shikenan ki ce abin bai karɓe ki ba ki watsar. Wannan watsarwar ce ke min ciwo.

Ki fara da alayyahu. Sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, kuma in kika bar gindin zai sake tohowa. Bokitin fenti ko buhun shinkafa ko jarkar da ta fashe duk sun isa, ki dai huda gindin da ƙusa mai zafi guri biyar ko shida, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Ƙasa kuma kar ki kwaso jar nan mai danƙo ki zuba ita kaɗai, ki haɗa da ɗan yashi da taki, takin ma wanda ya kwana biyu ya bushe, don ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake, ni da kaina na yi asarar bokiti huɗu a haka. Irin alayyahu ƙanana ne sosai shi ya sa nake cuɗa shi da yashi kafin na watsa.

Masu cewa gidan haya suke ba fili, ni ma haya nake, abin nema kawai inda rana ke samu kamar awa shida. Ruwa ne dai matsala da rani ana saye a gun 'yan garuwa, to ruwan wankin shinkafa da na ganye ba na zubarwa, mai omo ne kawai ban yarda ba. Ƙwari kuma ganyen dogonyaro nake dakawa in jiƙa ya kwana in yayyafa da yamma, kaji kuwa tsohon gidan sauro ya isa ya kare shukar daga gare su.

Sanyin nan namu da muke kuka da shi a Disamba shi latas ke so, albasa kuma gindin da kike yarwa ki dasa ki ga lawashi. Tumatir ɗin ki bari sai Oktoba in ruwa ya ɗauke, tushe ɗaya a bokiti ɗaya, ki kafa masa sanda.