Jujin Gwamnati Ne, Wa Ke Ɗauke Da Alhakin Masu Aiki A Kansa?

A ranar 10 ga Agusta, 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wani ɓangare na jujin Kiteezi da ke gefen birnin Kampala a ƙasar Uganda ya zaftare, ya binne gidaje da mutane da dabbobi, aka kuma tabbatar da mutuwar fiye da mutum 30. Tun 1996 ake jibge sharar birnin a wannan wuri, kuma shekaru kafin aukuwar abin hukuma ta san ya cika ya batse, har ta sayi wani fili a gundumar Mukono domin a koma can, amma motoci suka ci gaba da sauke kaya a Kiteezi. A watan Satumba Shugaba Museveni ya sallami shugabar hukumar kula da birnin, Dorothy Kisaka, tare da mataimakinta da daraktan lafiya, daga baya aka gurfanar da su a kotu bisa tuhumar sakacin da ya jawo asarar rayuka. Ba kasafai ake ganin haka a nahiyarmu ba, kuma na yaba. Sai dai hukuncin da ya jira a tono gawa ya zo a makare, domin duk abin da ake bukata a sani an san shi tun mutanen suna raye.

Juji ba ya ruftawa haka siddan. Shara idan ta ruɓe tana fitar da iskar methane mai kama wuta, kuma idan ruwan sama ya shige ta ba tare da magudana ba sai ta yi nauyi ta saki jiki, gangaren da aka bari ya yi tsayi ya zame. Baƙin ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashinta shi ne ke bi ta cikin ƙasa ya shiga rijiyoyin maƙwabta. Injiniyoyi sun daɗe da sanin maganin wannan: a shimfiɗa abin da zai tare ruwa a ƙasan ramin, a danne shara a rufe ta da ƙasa kullum, a kafa bututun fitar da iska, a bar tazara tsakanin juji da gidaje. A jujin Koshe na birnin Addis Ababa a ƙasar Habasha, inda shara ta zaftare sama da mutum 110 suka mutu a watan Maris na 2017, an riga an yi yunƙurin mayar da sharar zuwa wani sabon juji a Sendafa, manoman yankin suka ƙi, aka dawo da ita tsohon wurin da kowa ya san ya gaji. Saboda haka ba na karɓar maganar jami'in da zai tsaya gaban masu makoki ya ce tsautsayi ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke wanda aka ba amana da kasafin kuɗi ya yi watsi da gargaɗi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin waɗanda ke aiki a kan jujin, kuma a nan maganar ta shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya leƙa jujin Olusosun a Legas, wurin da gobara ta tashi a watan Maris na 2018 hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye, ko Gosa a Abuja, zai ji Hausa tana tashi ta ko'ina, domin da yawa daga cikin 'yan jari-bola samarinmu ne da suka tafi ci-rani. Yaro ne da buhu a kafaɗa da lanƙwasasshen ƙarfe a hannu, silifas a ƙafa, yana rige-rigen isa bayan tifa tun ba ta gama juye kaya ba, katafila kuma tana ja da baya a gefensa. Yana tona leda ya ci karo da allurar asibiti ko fasasshiyar kwalba, ya yagi tsumma ya ɗaure yatsa ya ci gaba, saboda da yamma a kan sikeli za a biya shi, kilo-kilo. Roba da gwangwani da ƙarfen da yake tsamowa su ne ke rage wa jujin nauyi, su ne kuma ke ciyar da masana'antun sake sarrafawa, amma ranar da ya ji rauni amsar hukuma ɗaya ce: ba ma'aikacinmu ba ne.

Wannan amsa ba ta tsayawa. Fili na gwamnati ne, motocin da ke kai shara nata ne ko na 'yan kwangilarta, kuɗin kwashe shara ita ke karɓa. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun haramta wa 'yan baban bola yawo cikin gari saboda satar murafun magudanan ruwa da kayan gwamnati, suka ce su taƙaita ga jujin da ke bayan gari. Ban musa cewa akwai ɓata-gari a cikinsu ba, kuma ɓarawo a kama shi. To amma gwamnatin da ta nuna wa mutum juji ta ce nan ne wurin aikinka ta riga ta amsa cewa wurin aiki ne, don haka safar hannu da takalmin roba da takunkumi da allurar rigakafi da ruwan wanke jiki sun zama nauyi a wuyanta. Dokoki ma ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, ko da yake yana cikin babin da ba a iya tilasta shi kai tsaye a kotu. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, an kuma yi dokar biyan diyyar ma'aikata a 2010, wadda ɗan bola da ba shi da rajista ba ya jin ƙamshinta.

Abin da nake nema daga hukumomin kula da shara, wato REMASAB a Kano da LAWMA a Legas da AEPB a Abuja, abu ne da za a iya dubawa. A yi wa masu aiki a kowane juji rajista da katin shaida ta hannun ƙungiyoyinsu, a hana ƙananan yara shiga, a ware sharar asibiti tun daga inda ta fito. A riƙa gwada ruwan rijiyoyin kewaye ana liƙa sakamakon inda mai unguwa da jama'arsa za su gani. Majalisun jihohi kuma su kira shugabannin waɗannan hukumomi kafin faɗuwar damina, su tambaye su a bainar jama'a wane juji ne ya cika, wane injiniya ne ya duba gangarensa, kuma sunan wane jami'i ne a kan takardar da ta ce a ci gaba da sauke kaya a wurin.