Ya kamata taswirar zaftarewar ƙasa ta bi laka har inda za ta tsaya

Da safiyar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana tafka ruwan sama, gefen dutsen Sugar Loaf da ke yankin Regent a birnin Freetown na ƙasar Saliyo ya ɓalle ya gangaro. Rahoton Bankin Duniya ya ce mutum 1,141 ne suka mutu ko suka ɓata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga cikinsu ba su taɓa gina gida a kan dutsen ba, domin laka da duwatsu da itatuwa sun bi kwarin kogin Babadorie, tafiyar kusan kilomita 6, suna kwashe gidaje har zuwa Lumley a bakin teku.

Masanan da ke zana taswirar haɗarin zaftarewar ƙasa suna fara aikinsu da tambayar inda ƙasa za ta iya zamewa. Suna auna tsananin gangare, su duba irin ƙasar da dutsen da ke ƙarƙashinta, su bi hanyoyin ruwa, su tattara wuraren da aka taɓa samun zaftarewa, sannan su haɗa wannan duka da hotunan tauraron ɗan'adam su fitar da taswira mai launuka. Aiki ne mai kyau, amma a ganina rabin aiki ne, muddin ba a ƙara da lissafin yawan ruwan da zai tayar da ƙasar, da girman abin da zai gangaro, da nisan da zai ci kafin ya tsaya ba. Mazaunin kwari yana iya ganin unguwarsa da koren launi, wato alamar babu haɗari, a takarda, alhali yana kwance a kan hanyar laka.

A cikin birni kuwa gangare ba ya zama yadda aka auna shi. Mai fuloti zai sare gindin tudu domin ya samu shimfiɗaɗɗen fili, maƙwabcinsa na sama ya saki ruwan wanka da na rufin kwano su riƙa nutsewa a wuri ɗaya, masu gawayi kuma su gama da itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe da ƙasa. Kowa gabansa yake dubawa, babu mai duban tudun gaba ɗaya. Shi ya sa taswirar da aka zana shekara goma da suka wuce ba abin dogaro ba ce a yau, kuma shi ya sa ya kamata injiniya ya saurari matar da ta ce ƙofar ɗakinta ta daina rufuwa, bangon ya tsage, turken lantarki ya karkace, ko ruwa mai laka ya fara tsattsafowa inda da babu shi.

Magajiyar garin Freetown, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya a 2020, kuma na yaba mata, sai dai itace yana ɗaukar shekaru kafin ya kama ƙasa, fuloti kuwa a yini ɗaya ake yanka shi. Kamaru ma ta ɗanɗana irin wannan zaftarewar ƙasa a unguwar Gouache ta Bafoussam a 2019, da Mbankolo ta Yawunde a 2023. Ina ganin wajibi ne a ajiye taswirar a teburin jami'in da ke sa hannu a takardar fili da izinin gini, a kuma tanadi wani wurin zama kafin a ce wa talaka ya tashi, domin wanda aka kora ba tare da an nuna masa inda zai nufa ba, wani gangaren zai koma ya kafa bukka.