Ba kowace wahala ba ce gicciye

Malam, labarinka na bikin Ista ya yi kyau, amma inda ka ce ɗaukar gicciye shi ne haƙuri da duk wahalar da ta zo, akwai gyara. A Luka 9:23 Yesu ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Abu ne da mutum ke ɗauka da zaɓinsa saboda Almasihu, kamar ƙin sa hannu a takardar ƙarya ko da za a hana shi ƙarin girma.

Rashin gane wannan yana jawo ɓarna. Matar da mijinta ke duka a ce mata "gicciyenki ne", mara lafiya a hana shi zuwa asibiti. Wannan zalunci ne, kuma aikin dattawan ikilisiya ne su tsawatar, su kare wadda ake cuta.

Tashin Yesu daga matattu ma yana da aikinsa na yau da kullum. Romawa 6:4 ta haɗa shi da baftisma, wato tafiya cikin sabuwar rayuwa. Afisawa 4 ta fayyace: kada rana ta faɗi kana fushi, ɓarawo ya daina sata, ya kama aiki har ya sami abin ba mabukaci. Mutane sukan tsaya a barin zunubin kawai, ba su maye gurbinsa da komai ba, shi ya sa tsohon hali ke dawowa. A wurin makoki kuwa, kada a hana mutane kuka. 1 Tasalonikawa 4:13 baƙin ciki marar bege ta hana.