Gizon Sito da Ranar da Hajiya Ta Zo

A gidan da muke haya a Tudun Wada akwai waɗanda suka riga mu tarewa, kuma ko sisi ba sa ba mai gida. Gizo-gizon nan ne mai ɗan mitsitsin jiki da ƙafafu takwas zaƙo-zaƙo, sirara. Shi ba ruwansa da saƙa mai tsari. Ya ɗan zuba zare nan, ya zuba can, ya rataye kai ƙasa. Tsohuwar yanar ma ba ya kwashewa, sai dai ya ƙara wata a kai, ƙurar hunturu ta zo ta yi mata ado.

Ranar Asabar uwargida ta ce Hajiyarta na tafe daga Zariya, don haka in ga bayan yanar da ke sito. Na ɗaura tsintsiya a bakin gora, na ja kujerar roba, na hau da bisimilla.

Ashe wannan halitta in ka taɓa gidanta ba gudu take yi ba. Tsintsiya na shafar zaren sai gizon ya kama jijjiga, yana juyi yana karkarwa kamar wanda ya hau bori, har ido ya daina ganinsa sosai. Dabararsa ke nan ta rikita abokin gaba, kuma wallahi ta yi aiki a kaina. Na matsa in duba da kyau, sai ga wata a gefe riƙe da ƙunshin ƙwanta a baki, tana tahowa saitin hancina a natse. Na ja da baya. Kujerar roba kuwa ba ta san ja da baya ba.

Ƙafarta ɗaya ta ce ɓaras, ni kuma na sauka zaune daram cikin daron garin masarar da aka niƙo don tuwon baƙuwa. Daidai nan na ji sallama a tsakar gida.

Kowa ya san tsakanin mutum da surukarsa sai sunkuyar da kai. To ga ni fari fat tun daga gira har idon sawu, yana a gemu, gora a hannu, na durƙusa ina cewa, "Hajiya, sannu da hanya." Ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ni dai ba ta ce min uffan ba, 'yarta ta fuskanta.

"Ki ce masa ya ƙyale bayin Allahn nan. Ba sa cutar da mutum, sauro suke ci. In damina ta sauka zai neme su."

Uwargida, wadda ita ta aike ni, ta ce, "Abin da nake ta gaya masa ke nan, Hajiya."

Daren ranar shinkafa da wake aka ci, kuma daga aljihuna kuɗin sabuwar kujera ya fito.