Haba, baƙin mai ba ruwan sanyaya ba ne!

Wai don Allah wa ya koya wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Katsina cewa duk abin da ke zuba zai iya zama ruwan sanyaya bakin yanka? Wannan ya kwaso baƙin man da aka juye daga injin mota, bakin yanka na taɓa ƙarfe hayaƙi ya turnuƙe har maƙwabta su fito da bokiti. Wancan ya kaɗa omo a ruwan rijiya, gari na wayewa gadon injin ya yi ja da tsatsa! To ko mai sayen man sanyaya na gaskiya, wanda ake haɗawa da ruwa, ya huta? Ina! Kashi 1 na mai cikin 20 na ruwa aka ce, kuma man ake zubawa cikin ruwa, amma yaron shago sai ya juya, haɗin ya tsinke. Ruwan burtsatse mai gishiri ya tara dauɗa a sama, zafin Afrilu ya shanye ruwan ya bar mai yana danƙo, ƙurar hunturu ta shiga ta riƙa goge hanyar injin kamar yashi. A ɗauke wuta kwana uku, famfo ya tsaya, man da ake shafa wa injin ya rufe saman tankin ruwan sanyaya, iska ba ta shiga, ƙwayoyin cuta su yi biki, ka buɗe ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai har Ƙofar Ƙaura! Ga mai ɗiga ruwa jefi-jefi kan bakin yanka na kabaid (wani ƙarfe mai tsananin tauri) mai zafi har ya tsattsage, sannan ya zagi mai sayarwa. Malam, alminiyon kananzir kaɗan yake so, ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi, sau nawa za a faɗa?