Ranar da kwalin ashana ya kunyata ni

Shekara goma sha ɗaya ina awon katako a Sabon Garin Zariya, amma ran Talata da daddare kwalin ashana ya nemi tona mini asiri a gaban autana ɗan aji biyar. Aikin gida aka ba shi: ya ƙirga fuskoki da gefuna da kusurwoyin akwati.

Fuskoki ba su ba ni wuya ba, 6 ne: sama, ƙasa da ɓangarori huɗu. Kusurwoyi 8. Da muka zo gefuna, wato layukan da fuska biyu ke haɗuwa, na riƙa juya kwalin ina ƙirgawa na samu 14. Na sake, 11. Yaron ya ce, "Baba, kwalin girma yake yi?"

Laifin juyawar ne. Duk wanda ke juya abu a hannu yana ƙirga, sai ya maimaita wani gefen ya tsallake wani. Sai na ce bari a yi da ilimi: kowace fuska gefe 4 gare ta, sau 6, ya zama 24. Har ya fara rubutawa, uwargida ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta guda biyu ce?" Gaskiyarta. Kowane gefe na fuska biyu ne, sai a raba 24 gida biyu, a samu 12. Da na ajiye kwalin a tabarma ma ga su nan: 4 a sama, 4 a ƙasa, 4 a tsaye.

Don in maido da girmana na kawo ƙa'idar Euler, masanin lissafin nan na Suwizalan: a haɗa kusurwoyi da fuskoki, a cire gefuna, 2 za ta rage. Akwati, 8 da 6 a cire 12. Dala mai gindi murabba'i irin dalar gyaɗa, kusurwa 5, fuska 5, gefe 8, nan ma 2. Gwangwanin madara kam kar a sa shi a ciki, jikinsa a lanƙwashe yake, ba shi da kusurwa ko ɗaya.

Da nan na tsaya da an rabu lafiya. Sai na ɗauko sandar sabulu da reza, na yanke kusurwa ɗaya. Fuska ta ƙaru da 1, gefuna da 3, kusurwa ɗaya ta tafi uku sun fito: 10 da 7 a cire 15, ga 2 ɗinmu. Daɗi ya kwashe ni na bi sauran bakwai ɗin na fiƙe: kusurwa 24, fuska 14, gefe 36.

Ina cikin tafa wa kaina uwargida ta fito neman sabon sabulun da ta saya ɗazu. Ta dubi ɓarɓashin da ke tabarma, ta dube ni. Yaron ya miƙa mata ya ce, "Mama, har yanzu 2 ne."