Ku daina tallan magani da sunan iyayenku da suka rasu

Wani sabon salon talla ya shigo gari, ni kam ya kai ni bango. Duk mai buɗe TikTok ko Facebook kwanan nan ya ci karo da shi, ba sai na tsaya dogon bayani ba. Wani saurayi ne ko wata Hajiya za a zauna gaban kyamara, a kwantar da murya, wani lokacin har da share ƙwalla, a ce mahaifiyata ta yi shekaru tana fama da ciwon suga, kullum ƙwaya kullum allura har Allah ya karɓi abarsa, daga ranar na ɗau alkawarin ba wanda zai sake rasa uwa ta wannan hanya, na shiga daji na bi tsofaffi har Allah ya ba ni sirri. Sai hannu ya koma ƙarƙashin tebur ya fito da kwalba. Maganar ƙarshe kusan iri ɗaya ce a bakinsu duka: ka ajiye ƙwayar Bature na sati ɗaya ka sha wannan, da bakinka za ka ba da labari. Ga lambar WhatsApp, 'yan Legas muna sa muku a mota. Kuma abin bai tsaya a waya ba, masu motar lasifika da ke zagaya Agege da bakin kasuwar Mile 12 a nan Legas, waɗanda da can basir da sanyi da ƙarfin maza kawai suke ihu a kai, su ma yanzu kowa ya samo marigayiyar uwa ya sa a gaba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rabin farko na labarin gaskiya ne. Jinya da mutuwa suna juya mutum, duk wanda ya taɓa kwana a benci a barandar asibiti yana jiran a ce masa wani abu ya san ba ya komawa gida yadda ya fito. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, albasa yake sayarwa a Mile 12, mutum ne ƙaƙƙarfa da ba a taɓa jin ya ce kaina ba, kuma yana alfahari da cewa bai san ƙofar asibiti ba. Karin kumallonsa a teburin mai shayi yake, kofi babba, madarar gwangwani, suga sai cokali ya gaji, burodin Agege rabi da ƙwai. Daga nan zama ne kan benci har la'asar, yara ne ke ɗaukar buhu shi lissafi kawai yake, da rana shinkafa da miyar da ta sha magi a kora da lemon kwalba mai sanyi. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, shikenan ɓarin jiki ya shanye. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ya daɗe yana cinsa a ɓoye.

Bayan an share makoki Yaya Babba ce ta karɓe tukunyar gidan, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta rage magi ta dawo da daddawa, gishiri ya koma da awo, kwaɗon zogale da rama da ake wa kallon abincin ƙauye suka dawo faranti, kunun gero ya kori shayin madara, lemon kwalba sai in baƙo ya zo. Ta sayi na'urar awon jini ta ajiye kan firij, duk wanda ya haura talatin a gidan sai ya miƙo hannu ko yana so ko ba ya so. A haka aka gano Inna ma jininta ya hau, aka kai ta asibiti aka ɗora ta kan ƙwaya, tana sha kullum, tana kuma cin zogalenta tana shan zoɓonta mara suga. Ni a wurina wannan shi ne komawa ga lafiya ta asali, kuma ina kai har gobe, duk wanda ya san ni ya san na dame shi da maganar gishiri.

To ku duba abin da mai kwalba ke yi da irin wannan raɗaɗin. Ya san wanda ya binne uwa zuciyarsa a buɗe take, yana neman wanda zai ɗora wa laifi kuma yana tsoron kada abin ya biyo shi. Sai ya ba shi duka biyun, laifi na ƙwayar asibiti ne, mafita kuma tana cikin jarka. Dabarar sati ɗaya kuwa ba ta wuce wannan ba: hawan jini galibi ba ya ciwo. Mutum zai ajiye ƙwayarsa ya yi sati, ya yi wata, yana jin garau, ya ɗauki waya ya yi wa mai magani bidiyon godiya, alhali jinin na can sama yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Ciwon suga ma haka yake lallaɓowa, sai ido ya fara dishi-dishi ko ɗan gyambo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi har ƙarshen rayuwa, da abinci da motsa jiki da magani, duk wanda ya ce maka zai tumɓuke su da kwalba uku ƙarya yake, ko da kuwa da gaske uwarsa ta rasu. Ranar da ƙoda ta tsaya ba za ka gan shi a layin wankin ƙoda na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ba, inda ake zuwa sau biyu ko uku a sati ana zuba kuɗin da ke cinye jari da fili da gida. Yana can ya buɗe sabon shafi.

Kuma wai sai su ɗaga kwalba su nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ai gwamnati ma ta yarda da mu. Wannan ma rufa ido ne. Rajistar da hukumar ke ba mafi yawan magungunan gargajiya ta matakin farko ce, ma'anarta an duba ba a ga guba a samfurin da aka kai ba, ba ta ce yana warkar da komai ba, shi ya sa ake tilasta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, da ƙananan haruffan Turanci da ba mai karantawa. Balle waɗanda lambar ma ta bogi ce ko ta daɗe da ƙarewa. Ba a manta da Baban Aisha ba ai, maganin da ya cika tashoshin mota da kasuwanni, sai a 2023 da binciken jaridar Premium Times da shafin bin diddigin labarai na Dubawa ya fito yana nuna illarsa sannan NAFDAC ta kai samame, bayan mutane sun yi shekaru suna ɗurawa cikinsu. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana a tallata wa jama'a cewa wani abu na warkar da ciwon suga ko hawan jini ko kansa ko ciwon ƙoda, tana nan a rubuce, amma ka buɗe wayarka yanzu ka ƙirga masu taka ta kafin ka gama shan ruwa.

Su kuma 'yan bokon da ke cewa duk wani ganye da saiwa camfi ne, ba zan ɓata lokaci a kansu ba, su je su tambayi daga ina maganin maleriyar da suke sha ya fito. Daga tsiro dangin tazargade aka ciro shi a China, matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, har kyautar Nobel ta samu a 2015. Metformin da masu ciwon suga ke haɗiya kullum asalinsa daga wani tsiro na Turai ne. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya ta yi Niprisan don rage tashin ciwon sikila, a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da ke cikin kwandon kowace mai koli. Abin da ya raba waɗannan da jarkar TikTok shi ne an auna, an san mene ne a ciki, an san nawa ke magani nawa ke kisa, an gwada a kan mutane an rubuta sakamako. Mai jarka fa? Ka tambaye shi me ya zuba, zai ce sirri ne. Nawa zan sha? Rabin kofi. Wane kofin, na shayi ko na silba, mai ciki fa, wanda ƙodarsa ta riga ta raunana fa, duk rabin kofi ne. Sirrin nan ne ma ya fi ba ni tsoro, domin ba yadda za ka san ko an niƙa ƙwayar kemis an zuba a ciki don ka ji sauƙi nan take ka dawo ka ƙara saye.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai fakewa da addini. Zai jawo hadisin habbatus sauda da ayar zuma, ya sa wa shagonsa suna na Larabci, duk wanda ya yi tambaya a ce imaninsa ne da rauni. Mun yarda da habbatus sauda, mun yarda da zuma, suna gidajenmu. Amma a ina aka ce mai hawan jini ya zubar da maganinsa? Annabi (SAW) cewa ya yi a nemi magani, kuma shi ne ya koyar da a raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Ban taɓa ganin mai kwalba ya yi bidiyo a kan wannan hadisin ba, saboda ba a samun ko sisi a cikinsa, ba ya shiga jarka ba a sa shi a mota zuwa Legas.

Na san dalilin da ya sa mutane ke faɗawa, ba wauta ba ce. Tun 2023 da aka cire tallafin mai naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya tattara ya daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, mai asma ya san nawa abin shaƙarsa ya koma. Ga layin asibiti, ka bar rumfa tun asuba ka sha cunkoso ka wuni ba ka ga likita ba, in ka gan shi ma minti biyu ne da Turancin da ba ka gama fahimta ba. Ga kuma tabon Trovan na 1996 a Kano, lokacin annobar sanƙarau, da Pfizer ta gwada magani a kan yara 200, 11 suka rasu, Bahaushe bai manta ba kuma yana da hujjar ƙin mantawa. Duk na yarda. Sai dai mai kwalba bai zo ya share wannan hawayen ba, kasuwa ya gani a ciki. Ƙwayar hawan jini irin amlodipine tana cikin masu arha a kemis, sau tari kuɗin kwalba ɗaya ta mai bidiyo zai saya maka ta wata da watanni.

Abin takaicin ma mu ne fa masu kayan lafiyar a garin nan. Tumatir da tattasai da albasa da karas da kabeji da kankana da ke sauka a Mile 12 cikin dare daga Kano da Jos da Sakkwato, hannunmu suke bi kafin su shiga tukunyar Bayarabe da Inyamuri. Mu sauke, mu kasa, mu sayar, sannan mu koma gefe mu ce mai shayi ya dafa mana Indomie biyu da ƙwai ya juye duk garin ɗanɗanon ya ƙara magi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi da yajin tsire. Zoɓo an yi bincike an ga yana ɗan sassauta hawan jini, amma namu na leda rabinsa suga ne. Gero da dawa da acha da wake da kuka da kuɓewa, abincin da kakanninmu suka ci suna noma suna tafiyar ƙasa, mun bar su mun koma farar shinkafa safe da dare, daga benci zuwa motar danfo daga danfo zuwa katifa. Wanda mutuwar uwa ta girgiza da gaske nan ya kamata ya fara, kuma ba sai ya tura wa kowa kuɗi ba.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ke buɗe wa waɗannan mutane ƙofa, wato ɓoye sunan cuta. Ka je ta'aziyya a Agege ko Alaba Rago ka ji, me ya same shi, gajeriyar rashin lafiya ce, lokaci ne ya yi. Ƙwarai lokaci ne, ba mai ja da ajali. Amma hawan jini da ciwon suga suna bin jini, 'ya'yan mamaci suna da haƙƙin a gaya musu ainihin abin da ya kwantar da ubansu don su je a auna su tun da wuri. Idan aka bar su cikin duhu sai wata gwaggo ta ce sammu ne, wani ya ce ƙwayoyin ne suka cinye shi, mai kwalba kuma ya zo ya same su a shirye.

Ba na jin gyaran na buƙatar wani babban taro a otal. Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwa da limamai su sa a ajiye na'urar awon jini da ta suga a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ai muna da yaranmu nas-nas da za su zauna awa ɗaya fisabilillahi. Hukumar kula da maganin gargajiya ta jihar Legas da NAFDAC su samu mai jin Hausa ya riƙa bin bidiyoyin nan, don a fili ake yi ba a ɓoye ba. Masu maganin gargajiya na gaskiya, kuma akwai su, waɗanda in ciwo ya fi ƙarfinsu suke cewa tafi asibiti, su fito su tsame kansu. Shi kuma duk wanda aka ji ya ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa, a kira shi gaban Sarki a zaunar da shi, a tambaye shi a gaban mutane ko zai sa hannu cewa shi zai biya kuɗin wankin ƙoda in ta ɓaci.